MOTA MAI JINKIRIN AMSA ƘAFA: A TAƁA ƘWAƘWALWARTA KO A BAR TA?

A tashoshin mota na Maraɗi, da Zinder, da Tawa, da Birnin Ƙwanni, akwai wani kuka da direbobi ke yi yanzu. Suna cewa motocin zamani ba su jin ƙafa. Direba ya taka totur, mota ta yi shiru kamar tana shawara, sannan ta ɗauka. Wasu kuma sun ce akwai magani: a kai motar birni, a sa mata kwamfuta, a canza mata ƙwaƙwalwa, sai ta riƙa zabura da an taɓa ta.

Wannan magana ta shafi manomi da makiyayi. Mota ce ke kai albasar Galmi da waken Tasawa kasuwa. Mota ce ke ɗaukar raguna in Layya ta matso. Ita ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Akwai ƙungiyoyin manoma da suka tara kuɗi shekara da shekaru suka sayi mota guda ta lodi. Akwai uban da ya sayar da shanu ya saya wa ɗansa motar haya. In aka taɓa ƙwaƙwalwar motar aka yi kuskure, dukiyar mutane da yawa ce ta tsaya. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ake taɓawa.

YADDA ABIN YAKE A DA

Inji yana cin abu biyu: mai da iska. Ba ya ƙona mai sai da iska, kamar yadda wutar maƙera ba ta kamawa sai da zugazugi. Injin isansi yana son kilo 14 da ɗan ƙari na iska a kan kowane kilo guda na mai. Masana sun ce 14,7 a kan 1. In aka auna da tano mai cin lita 200, lita guda ta isansi tana bukatar iska wajen tano 45. Wannan ya nuna iska ita ce babban abincin inji.

A bakin hanyar da iska ke shiga inji akwai ƴar ƙofa ta ƙarfe mai juyawa. Faransawa suna kiranta da sunan malam-buɗe-littafi, don siffarta. In ƙofar ta buɗe da yawa, iska ta shiga da yawa, mai ya bi ta, inji ya yi ƙarfi. In ta rufe, inji ya lafa.

A zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda suka daɗe suna jigilar ƴan kasuwa a ƙasar nan, waya ce ta ƙarfe ta haɗa totur da wannan ƙofa. Ƙafa ta taka, waya ta ja, ƙofa ta buɗe nan take. Kafireto kuma shi ke gauraya mai da iska. Makaniki yana gyara shi da sukudireba da kunnensa. Yana juya noti, yana sauraren kukan inji, har ya daidaita. Babu wani mai shiga tsakanin ƙafar direba da inji.

YADDA KWAMFUTA TA SHIGA MOTA

A shekarar 1967 kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da wata na'ura ta lantarki mai auna man da za a fesa wa inji. An fara sa ta cikin motar Volkswagen 1600. A 1976 motocin Volvo na ƙasar Suwidin suka fara ɗaukar wani ma'auni a cikin salansa, mai shinshinar hayaƙi ya faɗi ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. A 1979 aka haɗa aunin mai da lokacin ba da wutar buji cikin akwati guda, a motar BMW. Wajen 1988 kamfanin BMW ɗin ya cire wayar totur a babbar motarsa, ya sa lantarki a madadinta. Daga shekarun 2000 zuwa yau kusan kowace sabuwar ƙaramar mota haka take fitowa.

Babban dalilin wannan canji shi ne hayaƙi. Biranen Amurka da na Turai sun cika da hayaƙin mota, mutane na ciwon ƙirji. Hukumominsu suka kafa doka a rage shi. Kafireto bai iya auna mai daidai yadda dokar ke so. Kwamfuta ta iya.

Irin waɗannan motoci ne aka daɗe ana kawowa Nijar bayan an yi aiki da su a Turai, ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome. Haka ma sababbin Toyota Hilux da Hiace. Mai mota ko bai sani ba, akwai kwamfuta a cikin motarsa.

AIKIN ƘWAƘWALWAR MOTA

Kwamfutar mota ƙaramin akwati ne, bai kai girman kwanon awo ba. Yana ɓoye kusa da inji ko ƙarƙashin gaban mota. Makanikai suna ce masa ƙwaƙwalwa.

Tana aiki kamar maigari mai ƴan rahoto. Wani ɗan rahoto yana auna iskar da ta shiga. Wani yana auna zafin ruwan inji. Wani yana ƙirga juyin inji. Wani yana shinshinar hayaƙi. Wani yana sauraren inji, ko yana ƙwanƙwasa. A jikin totur ma akwai guda biyu, suna faɗin iyakar inda ƙafa ta taka. An sa su biyu ne don in ɗaya ya yi ƙarya, a gane.

Kwamfuta ta tattara labarin duka, sannan ta yanke hukunci uku. Na ɗaya, ƙofar iska za ta buɗe har ina. Na biyu, mai nawa za a fesa. Na uku, yaushe buji zai ba da wuta. Kuma ba ta da lokacin dogon tunani. Inji mai silinda 4, in yana juyi 3000 a minti guda, wuta tana tashi a cikinsa sau 100 a kowace daƙiƙa. Kowace wuta da nata awon mai.

Ta yaya take sanin abin da za ta yi? Masu ƙera motar sun rubuta mata jadawali, kamar jadawalin lissafi. A gefe ɗaya an jera juyin inji. A ɗaya gefen an jera takun ƙafa. Inda layi biyu suka haɗu, akwai lamba. Wannan lamba ita ce umarni. Irin waɗannan jadawalai suna da yawa cikin ƙwaƙwalwa guda.

Saboda haka a motar zamani ƙafar direba ba ta buɗe ƙofar iska da kanta. Ƙafa tana aika saƙo ne. Kwamfuta ta karanta saƙon, ta duba jadawali, ta sa wani ƙaramin injin lantarki ya buɗe ƙofar gwargwadon abin da ta ga ya dace.

A motar gazuwal kuwa, ba ƙofar iska ke ba da ƙarfi ba. Yawan man da aka fesa ne. Nan ma kwamfuta ce ke aunawa. Tun 1997 aka fara sayar da ƙananan motocin gazuwal masu tara mai cikin bututu guda da matsi mai tsanani, kwamfuta na buɗe bakin kowace injekta. Yawancin motocin gazuwal na yanzu irin wannan ne.

ME YA SA TAKE JINKIRI?

Wani jinkirin da gangan aka sa shi. Masu ƙera mota suna da dalilansu.

In ƙofar iska ta buɗe gaba ɗaya farat ɗaya, mota tana fizga. Fizga tana cin kuloci, da giya, da ƙarafan da ke juya taya. Sai aka koya wa kwamfuta ta buɗe ƙofar a hankali, cikin wani ɗan yanki na daƙiƙa.

Buɗewar gaggawa tana rikita awon mai da iska, hayaƙi ya yi muni. A motar gazuwal kwamfuta tana hana mai har sai turbo ya turo isasshiyar iska. Turbo wata fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma tana cusa iska cikin inji. Ba ta kai ƙarfinta sai inji ya ɗan ɗaga murya. In aka fesa mai kafin iska ta iso, baƙin hayaƙi ne zai fito, man ya tafi banza.

Mota mai canza giya da kanta tana da nata jinkirin. In an taka totur, sai ta sauko giya tukuna, sannan ta ja.

Akwai kuma wani dalili babba. Mota iri ɗaya ana sayar da ita ƙasashe masu sanyi da masu zafi, masu mai mai kyau da masu mai maras kyau. Mai ƙera ta ba ya sa inji ya yi aiki har ƙarshen ƙarfinsa. Yana barin rara, kamar yadda manomi mai hankali ba ya ɗora wa jakinsa duk abin da zai iya ɗauka in tafiyar mai nisa ce. Wannan rarar ce masu canza ƙwaƙwalwa ke taɓawa.

HANYOYI UKU DA AKE BI

Hanya ta farko ita ce ƙaramin akwatin da ake maƙalawa a wayar totur. Ba ya taɓa inji. Aikinsa ƙara wa magana gishiri. Misali, direba ya taka kwata, akwatin ya ce wa kwamfuta an taka rabi. Mota ta zabura, direba ya ji daɗi, ya ce ta ƙara ƙarfi. Amma in ya taka totur har ƙasa, ƙarfin da yake da shi jiya shi ne dai na yau. Ko doki guda bai ƙaru ba. Duk abin da akwatin ya yi, ƙafa ma tana iya yinsa in ta ƙara takawa. Mai kaifin linzami yana sa doki ya yi saurin juyawa, amma ba ya ƙara masa gudu.

Wasu motocin ma sun zo da irin wannan daga kamfani. Akwai Hilux na bayan 2015 masu maɓalli biyu, ɗaya an rubuta ECO, ɗaya PWR. Na farko yana sa totur ya yi sanyi don a rage shan mai. Na biyu yana sa shi kaifi. Mai irin wannan mota ya fara gwada maɓallinsa kafin ya kashe kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce akwatin da ake sawa tsakanin kwamfuta da ƴan rahotonta, galibi a motar gazuwal. Shi ƙarya yake yi wa kwamfuta. Yana ce mata matsin mai bai kai ba, alhali ya kai. Sai ta ƙara. Ƙarfi yana ƙaruwa da gaske, amma kwamfuta tana aiki da labarin da ba gaskiya ba. Famfon mai da injekta suna ɗaukar nauyin da ba a yi su dominsa ba.

Hanya ta uku ita ce sake rubuta jadawalin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai ramuka 16. Doka ta tilasta sa shi a Amurka tun 1996. A Turai kuma tun 2001 ga motocin isansi, da 2004 ga na gazuwal. An yi shi ne don makaniki ya sa na'urar bincike ya karanta ciwon mota. Ta wannan soket ɗin mai gyara ke jona kwamfutarsa, ya kwafe jadawalin, ya canza lambobi, ya mayar. Yana iya rage jinkirin ƙofar iska. Yana iya sa buji ya ba da wuta da wuri. Yana iya ƙara mai da matsin turbo.

Abin da ake samu ya danganta da irin inji. Injin isansi maras turbo ba ya samun wani ƙarfi mai yawa, domin iskar da yake shaƙa ba ta ƙaru ba. Saurin amsa ƙafa kawai ake ji. Inji mai turbo kuwa yana iya ƙara ƙarfi sosai, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Amma fistan, da kuloci, da lagireto, da birki, duk suna nan yadda suke.

Rubutun da ke cikin ƙwaƙwalwa ba abin wasa ba ne. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na gazuwal wani rubutu na yaudara. In ana gwajin hayaƙi sai motar ta gane, ta rage hayaƙin. In ta hau hanya sai ta saki. Kamfanin ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 ne a duniya. Ido bai ganin wannan rubutu, kunne bai jinsa. Mai mota a ƙauye ma ba ya iya ganin abin da aka rubuta wa tasa.

ABIN DA ZAFI DA RAIRAYI KE YI

Yawancin masu wannan aiki ba su ke tsara lambobin ba. Saye suke yi, ko su kwaso ta intanet. Galibi an tsara lambobin ne a Turai, don yanayin Turai da man Turai. Ƙasar nan daban take.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da nauyi. In zafi ya kai digiri 45, abin da inji ke shaƙa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma a kan na ranar da zafi yake digiri 15. Shi ya sa kowace mota ta fi kuzari da asuba, ta fi nauyi da azahar. Wannan ba ciwo ba ne.

Zafi kuma yana sa isansi ya kama wuta kafin lokacinsa. Nan ne ake jin inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Ƙwanƙwasar nan tana huda fistan. Isansin da aka saba sha a Turai lambarsa 95, wato yana da juriyar zafi da matsi. Man da ake saya cikin kwalba a bakin hanya ba shi da lamba a jikinsa, wani lokacin ma akwai ruwa ko datti ko gauraye. In aka riga aka sa buji yana ba da wuta da wuri, aka haɗa da zafin rana, da lodi, da mai maras kyau, rarar da za ta ceci injin babu ita.

A motar gazuwal, ƙarin mai yana ƙara zafin hayaƙi. Zafin yana cin turbo da kan inji. Alamarsa baƙin hayaƙi in an taka, da allurar zafi da ke hawa in mota na ja da kaya. Kuloci kuma yana fara sulɓi tun lokacinsa bai yi ba.

Totur mai kaifi yana da illa a hanyar karkara. Cikin rairayi, direba yana son ya ba da wuta kaɗan kaɗan. In mota tana zabura da an taɓa, taya ta yi ta haƙa har ciki ya zauna. Cikin taɓon damina ma haka. A hanyar jar ƙasa mai gargada, ƙafa tana rawa a kan totur, mota ta yi ta fizga. Mutanen da ke zaune bisa kaya su ne ke ji a jikinsu. Dabbobin da aka ɗauko suna faɗa wa juna, wata ta karye kafin a kai kasuwa.

Sannan a tuna, gaggawar tashi ba ta zo da gaggawar tsayawa ba. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata tana ninkawa sau huɗu. Garke yana ƙetare babbar hanya ba sallama. Yara suna fitowa daga bayan amalanke.

A FARA DUBA WAƊANNAN

Motar da ta saba jin ƙafa, sannan ta daina, ba jadawalinta ne ya canza ba. Rubutu ba ya tsufa. Wani abu ne ya toshe ko ya gaji. Ga wuraren da makaniki na gari ke fara dubawa.

1. Matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta cikin ɗan lokaci. Inji mai toshewar hanci ba ya ja. A kakkaɓe ta a kai a kai, a canza ta in ta gaji. Kada a cire ta a yi tafiya haka nan, domin ƙura tana cin silinda kamar yashi a kan wuƙa.

2. Ma'aunin iska. Yana bayan matatar. In ƙura ta rufe shi, sai ya kai wa kwamfuta labarin ƙarya. Ana wanke shi da maganinsa na fesawa. Ba a goga shi da tsumma ko tsinke.

3. Ƙofar iska. Baƙin datti yana taruwa a gefenta. Bayan an wanke, wasu motocin sai an sake nuna wa kwamfuta inda ƙofar ke rufewa.

4. Matatar mai, da famfon mai, da injekta. Man kwalba yana toshe su.

5. Buji da wayoyinsa, da batir mai rauni.

6. Salansa. A cikinta akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, mai tace hayaƙi. In ya toshe, inji ba ya iya fitar da numfashi.

7. Birki mai kamawa, taya maras isasshiyar iska, kuloci mai sulɓi. Har tabarmar ƙafa tana iya shiga ƙarƙashin totur ta hana shi sauka.

8. Lodi. Motar da aka yi don tan guda, in aka ɗora mata biyu, babu rubutun da zai sa ta yi sauƙi.

Akwai kuma ƴar fitila mai siffar inji a gaban direba. In ta kama ba ta mutu ba, kwamfuta ce ke cewa ta ga matsala. Wani lokacin takan rage ƙarfin inji da gangan don ta kai motar gida ba tare da ɓarna ba. Wasu suna manna takarda a kan fitilar, wasu su cire ƙwanta. Wannan kamar a rufe bakin maras lafiya ne don kada a ji nishinsa. A sa na'urar bincike a karanta lambar ciwon. Sau da yawa waya guda ce ta kwance, ko ɗan rahoto guda ya mutu.

Wata al'ada kuma ita ce cire abin da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi, wai don ƙasar nan da zafi. A motar kwamfuta wannan yana kawo asara. Inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman lokacin ɗari. Kwamfuta ta ga ruwa da sanyi, ta yi ta ƙara mai.

GA WANDA YA ƘUDURA SAI YA YI

In an duba duk waɗannan, mota lafiyarta lau, mai ita kuma yana son a taɓa ƙwaƙwalwar, to ga sharuɗɗa.

In motar ta ƙungiya ce, direba ba ya yanke wannan shawara shi kaɗai. A kawo maganar gaban taro.

Mai gyara ya fara kwafe jadawalin asali, ya ba mai mota ya ajiye. Da shi ne za a koma in sabon bai yi ba. Wanda ya ce ba ya iya mayar da na asali, kada a ba shi mota.

A tambaye shi abin da zai canza, ɗaya bayan ɗaya. In jinkirin totur kaɗai zai rage, haɗarin kaɗan ne. In zai ƙara matsin turbo, ko ya kashe ɗan rahoton da ke sauraren ƙwanƙwasa, ko ya rufe bakin fitilar gargaɗi, a ce masa a'a.

Lokacin rubutun, batir ya zama cike, kuma kada a taɓa makulli. In wuta ta yanke a tsakiyar aiki, ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa, mota ta ƙi tashi. Samun wata ba sauƙi, domin a yawancin motoci sai an haɗa sabuwar da makullin motar kafin inji ya yarda ya tashi. Motar tana iya kwana da kwanaki a gareji, kaka na wucewa, albasa na ruɓewa.

Sabuwar mota da ke ƙarƙashin lamunin kamfani, in aka taɓa jadawalinta, lamunin ya faɗi. A Jamus, ƙara wa inji ƙarfi ba tare da an kai an duba an rubuta a takardun mota ba yana ɓata izinin hawa hanya. A nan ma ya kamata mai mota ya tambayi masu inshorarsa kafin ya yi.

Bayan aikin, kada a dogara da jin daɗin ƙafa. A auna. A cika tanki, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiyar da aka saba da lodin da aka saba, a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga. A yi haka kafin gyara da bayansa. Misali, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, in ta koma shan 11, kuma tana yin kilomita 500 a mako, ƙarin lita 5 ke nan kowane mako. A shekara lita 260, fiye da tano guda. Wannan kuɗin daga aljihun mai mota zai fito, daga baya ya dawo kan fasinja da mai buhu.

Ƙwaƙwalwar mota tana da wasu abokan gaba da ya kamata karen mota ma ya sani. Kada a watsa wa inji ruwa da ƙarfi wajen wanki. Kada a yi walda a jikin mota sai an cire kan batir. Kada a juya kan batir, jan waya ta koma wurin baƙa, ko da na ƙiftawar ido ne.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, mai kaya yana da ikon ya yi magana a kan motar da ta ɗauki kayansa da iyalinsa. In mota tana fizga, ko tana zubo baƙin hayaƙi, a tambayi direba dalili. Mai mota kuma ya fara da matatar iska da ta mai, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne, kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.